Jimla Bakwai da Kulu Ta Rubuta

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata Nura ya zo gaishe ni a Yelwa tare da abokansa biyu, dukkansu an tura su koyon aikin koyarwa na wata uku. Na tambaye shi da me zai fara ranar Litinin, ya ce da darasin nan na Turanci da ake kira present simple, wato yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi kullum. "Kawu, ai wannan minti ashirin ya ishe shi," in ji shi, yana latsa waya. "Ka rubuta doka ga allo, ka ba da misali biyar, shi ke nan." Na dube shi, na dubi takalminsa mai tsini, na ce Allah ya ba da sa'a. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da darasin nan, kuma a kansa na rasa yarinyar da ta fi kowa kai cikin duk waɗanda suka taɓa zama a gabana. Ranar kuna sauri ba ku tsaya kun ji ba, don haka ga shi na rubuto muku, Nura, kai da abokanka.

Aikina na farko a wata firamare ne ta ƙasar Ngaski, cikin manoma. Na isa da takardar shaida da sabon wando da girman kai mai yawa. Ranar da na fara darasin nan na kwafe misalan littafi kaf a allo: yaro yana shiga bas kullum, ɗan aiken gidan waya yana kawo wasiƙa da safe. Yara suka yi ta rerawa har rufin kwano na amsawa, ni kuwa ina ta kai da kawo da bulala a hannu, ina jin babu malami kamata. Ashe hedimasta, Mista Yohanna, wani dattijo Bakambare mai ƙaramar murya, yana tsaye bakin taga. Da aka tashi ya kira ni gindin mangwaro ya ce, "Malam Sani, cikin yaranga wa yat taɓa ganin mai kawo wasiƙa?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce, "To gobe ka ruhe littahin. Ka tambaye su abin da innarsu ka yi daga asuba."

A hannunsa na koyi sana'ar, kuma shekara biyu ta ɗauke ni. Ka fara tambayar yaro da harshen da yake mafarki da shi. Ya ce Inna tana daka, sai ka sa shi ya tashi ya kwaikwayi dakan, aji ya yi dariya, sannan ka ba shi Turancin ya faɗa yana yi. Sai baki ya saba tukuna ake taɓa alli. Akwai ɗan harafin nan da ake liƙa wa aikatau in mutum ɗaya ake zance, wanda yara ke kira wutsiya, kuma babu ɗan da ba ya yar da ita. Ban cika faɗa a kanta ba. Guntun kwali na yanka na rubuta harafin a jiki, yana aljihun gaban rigata, yaro na mantawa sai in zaro in ɗaga ban ce komai ba, shi da kansa zai koma ya gyara. Kwali nawa na kashe ban sani ba. Sauran kayan aikin kuwa ba su taka kara sun karya ba: alli da muke karyawa biyu don ya kai ƙarshen wata, jan biro, tsumman goge allo, da gawayi da ƙaro da muke dama wa allon duk Juma'a don ya yi baƙi.

Abu na ƙarshe da Mista Yohanna ya koya mini shi ne ya fi alfahari da shi. Duk aikin da ya fi kyau a aji, a rubuta shi a allo, kowa ya kwafa, ya je gida ya karanta wa iyayensa ya fassara musu. Uban da ya ji ɗansa yana faɗin noman dawarsa da Turanci ba ya saurin cire shi ya tura gona. Cikin manoma wannan dabara ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya aka mayar da ni wata tunga ta masunta a bakin tabki, kudu da Warra. Ɗakin karatu uku ne da ofis, sai wata bishiyar ɗorawa da ake rataye ƙarfen ƙararrawa. Rabin yaran a kwalekwale suke zuwa, ƙafafu a jiƙe, littafi a ƙulle cikin leda, kayan makaranta na ƙamshin hayaƙin banda. In ruwa ya ja iyaye suka bi kifi, aji ya rame, in ya dawo aji ya cika. Da farko na tsani wurin, na yi ta rubuta takardar neman canji. Yanzu kuwa, wallahi, babu inda nake kewa kamarsa. Nakan zauna ƙofar gida da hantsi in ji kamar ana buga filafili a gefen jirgi, in tuna yadda hasken ruwa ke shigowa ta taga yana rawa a jikin allo har sai na matsa gefe yara su ga rubutu. Da za a mayar da ni can in yi zango ɗaya ba albashi, da na tafi.

Kulu tana aji shida a shekara ta huɗu da zuwana. 'Yar siririya ce, baƙa, mai kanta a tafin hannu kamar na namiji, domin ubanta Manu ba shi da ɗa namiji, ita ke riƙe masa filafili in ya fita duba mamarinsa bayan sallar asuba. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa da ake nutsarwa ta kwana a ruwa. Kullum a makare take zuwa, bakin siket a jiƙe, har na gaji na daina rubuta mata latti. Amma in ta zauna sai ka san an zauna. Ban taɓa ɗaga mata kwalin nan sau biyu ba. Ita ce mai tambayar da za ta sa ka koma ɗaki ka buɗe littafi a ɓoye don kada gobe ka ji kunya. Jarrabawar shiga sakandare saura wata uku, kuma babu 'ya mace daga tungar nan da ta taɓa wucewa. Sau uku na je wurin Manu kafin ya amince, shi ma a gajarce. "In ta ci ta tahi," ya ce, ya ci gaba da gyaran ƙugiya.

A makon bita na ba su aiki: jimla bakwai a kan abin da mahaifinka yake yi kullum. Da suka kawo raina ya ɓaci. Kusan dukkansu abu ɗaya suka rubuta, yana kama kifi, yana salla, yana cin abinci, yana barci. Na hau su da faɗa. Na ce wannan lalaci ne, kifin a ina yake kama shi, a cikin tulu? Yaushe yake fita, ina yake nufa, da me yake kamawa? Na ce duk wanda bai faɗi wuri da lokaci ba kada ya kawo mini littafinsa. Yara suka sunkuyar da kai suna satar kallon juna. Na ɗauka kunyar rashin ƙoƙari ce.

Washegari sauran suka ɗan ƙara gishiri, wannan ya ce ubansa yana zuwa tabki, wancan ya ce da safe. Kulu kaɗai ta yi abin da na ce, domin ita ba ta iya jin na yi fushi ta bar shi haka. Har yau ina iya karanto aikin nan da ka. Ta rubuta cewa ubanta yana fita bayan asuba, yana tuƙi ya ba gabas baya, yana wuce tsibirin shanu ta hannun hagu. Jimla ta huɗu ita ce wadda ta sa na miƙe tsaye a ofis: "He stops where the tall palm covers the white rock." Wato yana tsayawa daidai inda doguwar giginyar bakin gaɓa ta rufe farin dutsen kan tudu. Sai ta ce yana sake igiya gaba goma sha biyu da dutse a ƙarshenta, yana sa 'yan ƙananan kifi masu rai a ƙugiya, yana dawowa da giwan ruwa. Babu kuskure ko ɗaya, ga tsari, ga hoto kamar kana cikin jirgin. Na ba ta goma bisa goma, na ja layi biyu a ƙasa.

Sai na yi abin da aka koya mini. Na rubuta jimlolin bakwai a allo da hannuna mafi kyau, na sa yara talatin da wani abu suka kwafa, muka rera sau biyar. Na fassara musu kalma bayan kalma don kada wani ya ce bai gane ba. Na ce kowa ya je ya karanta wa ubansa. Na lura Kulu ba ta rera tare da su ba, tana ta murza bakin hijabinta, na ce a raina kunyar yabo ce.

Kwana uku bencinta babu kowa. Ran na huɗu na tsaya sayen ƙosai wurin Inna Ige, tsohuwar da ke suya a ƙofar makaranta, ta zuba mini ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Malam, kai ko ka san abin da ka aikata?" Na ce me na yi? Ta ce, "Jirgi goma sha ɗaya anka ƙirga shekaranjiya bisa ramin Manu. Goma sha ɗaya! Kowa da ɗansa gaba, riƙe da littahi, shina nuna mai giginya."

Ita ta warware mini abin da kowane yaro a ajina ya sani ni ban sani ba. Lokacin da aka datse kogi tabki ya cika, ruwa ya haɗiye tsofaffin garuruwa da itatuwansu. A ƙarƙashin wurin nan tsohon garin su Manu yake, da kututturan tsamiyar kasuwarsu, kuma nan manyan kifi ke taruwa. Ubansa ne ya auna wurin da giginya da dutse tun ruwa bai gama rufe shi ba, ya nuna wa Manu shi kaɗai. Shekara da shekaru ana bin sawunsa, yana zagaye da mutane, wani lokaci ya yini a inda babu komai don ya ɓatar da masu leƙe. Masunci ba ya faɗin inda yake zuba ƙugiya, ko ga ƙaninsa, kuma ana koya wa yaro wannan tun kafin ya iya iyo. Yaran da na kira malalata, tarbiyyar gidansu suke bi. Shekara huɗu ina cin kifin Manu ina yaba girmansa, ban taɓa tambayar dalilin da nasa ya fi na kowa ba. Ƙosan nan ban iya cinsa ba.

Da la'asar na same shi a inuwar rumfarsa yana warware igiya. Na yi sallama, na tsuguna, abin da ban taɓa yi wa uban ɗalibi ba. Ya amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini ruwa. Da ma zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Na ce, "Malam Manu, na zo ba da haƙuri. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba," ya ce. "Da ka sani ai da ba mu zauna haka ba."

"Laifina ne, ba na Kulu ba."

"Wa yac ce nata ne? Ita ɗiya ce, babba ya tambaye ta, ta hwaɗi. Ko yatsa ban ɗaga mata ba." Ya ɗaure wata ƙugiya ya ja ta da haƙori. "Can inda ka hito, Malam, mai gona kowa na ganin gonatai, kuma ba mai ɗauke ta. Mu tamu ba ta da iyaka, ba ta da shaida. Rufin bakinmu shi ne shingenmu. Abin da ubana yab bar min ke nan, ba gida ba, ba shanu ba. Kai ko ka rubuta shi ga bango."

Na ce ko da barin tungar zai yi, a bar Kulu ta rubuta jarrabawa, saura 'yan makonni, ni zan ɗauki nauyin komai, ta zauna wurin iyalina in ya so. Ya girgiza kai a hankali. "Wanda bai iya riƙe min magana bakwai ba, shi zan ba riƙon ɗiya?" Na tashi na yi masa sallama.

Ban haƙura nan da nan ba. Na je wurin Sarkin Ruwa, shugaban masuntan tungar, na roƙe shi ya hana mutane zuwa wurin. Ya saurare ni har na gama, ya ce ruwa na Allah ne, abin da ke ɓoye na mai shi ne, abin da ya fito fili na kowa ne, ba shi da bakin hana wani. Na bi gidajen iyayen yara ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ji kunya suka daina zuwa, wasu suka yi mini dariya, wani ma har godiya ya yi, ya ce yanzu ya ga amfanin boko. Cikin mako uku an yi wa wurin kaca-kaca. Masu taru suka ja ragarsu ta kai, ta sarƙe a kututture, suka yanke suka bar ta a ƙasa, kifi ya watse. Wanda ya samu da wanda bai samu ba duk suka tashi a tutar babu.

Wata safiyar Talata ina buga ƙararrawa na hango jirgin Manu an loda masa tukwane da tabarmi da buhun gero. Na bar ƙarfen na gangara bakin ruwa da gudu, alli a hannuna. Za su haura can wajen Shanga, wurin dangin matarsa, ya nemi sabon ruwa. Kulu na zaune a baya da filafili. Da ta gan ni ta ɗan rusuna daga zaune ta ce, "Malam, ina kwana." Na ce lafiya lau, Kulu. Na so in ce ta riƙa karatu ko a can, na so in ce ta yafe mini. Uban ya tura jirgi da gora, ta sa filafili a ruwa. Ranar jarrabawa lambarta na manne a benci, na zauna ina kallonta awa uku. Wannan ita ce mummunar shekarata a aikin nan, ta fi mini shekarun da aka yi ta riƙe albashi ciwo.

Ban daina koyarwa daga rayuwar yara ba, domin har gobe babu hanyar da ta fi ta, kuma kada ku ce Kawu ya ce a koma wa mai kawo wasiƙa. Amma daga ranar, duk garin da aka kai ni sai na yi wata guda ina zama da tsofaffi kafin in tambayi yaro komai game da gidansu. A wani gari ba a faɗin yawan shanu, a wani ba a faɗin abin da ke rumbu, a wani yaro ba ya kama sunan ubansa ko da za ka yanka shi. In ka yi tambaya aji ya yi tsit yara na kallon juna, kada ka ɗaga murya, akwai abin da suka sani kai ba ka sani ba. Kuma aikin yaro, komai kyansa, kira shi gefe ka tambaye shi kafin ka ɗora a allo. Dokar da Nura zai rubuta ranar Litinin gaskiya ne minti ashirin ta ishe ta. Sauran ne ke cin shekaru.

Na yi ta cigiyar Kulu. Duk jirgin da ya zo kasuwar Yauri daga sama sai na tambayi masu shi ko sun san wani Manu mai 'ya'ya mata, har matata ta fara yi mini tsiya wai bashi nake bin sa. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya ƙara gaba. A hankali na rage tambaya, amma ban daina duban fuskokin matan da ke sauke kwandunan banda ba.

Bara, bayan na yi ritaya, na shiga layin masu kifi zan sayi na miya, sai na ji wata mata tana ciniki da wata 'yar kasuwa da ta zo sari daga kudu. Da Turanci take yi, tsaf, ba irin na kasuwa ba, tana gaya mata ranar da jirginsu ke zuwa da ranar da ba ya zuwa. Na tsaya kamar an kafe ni. Ta juyo, ta dube ni, ta saki kwandon ta durƙusa har ƙasa.

"Malam! Malam Sani! Kana nan da rai?"

Ta yi jiki, ga goyo a baya, amma idon nan na nan. Ta share mini benci, ta aika aka sayo mini ruwan sanyi, ta shiga zaɓo mini kifi tana turawa a leda ina cewa ya isa. Baba ya rasu shekara shida, in ji ta, bai sake samun ruwa kamar wancan ba, amma bai taɓa kwana da yunwa ba. Mijinta ma masunci ne. Makaranta kuwa tun ranar ba ta sake shiga aji ba. Na tattaro maganar da na yi shekara ashirin da wani abu ina shiryawa, na ce, "Kulu, ni na hana ki karatu."

"Haba Malam, bari wanga zance," ta ce. "Abin da anka rubuta ne. Ga shi abin da ka koya min da shi nike ci."

Na tambaye ta yara. Ta ce biyar, babbar mace ce, tana aji biyar, kuma ita ke zuwa ta ɗaya. Murna ta kama ni har na ji idona ya kawo ruwa. Na ce ashe kin sa ta.

"Na sa ta, Malam, kuma in Allah ya so sai ta ƙare." Ta ƙulle bakin ledar ta miƙo mini da hannu biyu, tana murmushi. "Amma na ja mata kunne. Nic ce in malami ya tambaye ta aikin ubanta, ta ce tela ne."

Na yi dariya tare da ita, domin abin dariya ne. Ta ƙi karɓar kuɗina. Na ɗauki kifin na fito daga kasuwa, na rasa ta inda zan bi in hau mashin, sai na tafi gida a ƙasa.